Wace IC zan ɗora a kan allon gwajin da nake son ƙerawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen lantarki a nan Sakkwato. Na ɗan jima ina aiki da Arduino Uno, allon koyon lantarki da ake zuba wa manhaja, yanzu kuma ina son in zana ƙaramin allo nawa na kaina, wanda ni da ƙannena na makaranta za mu riƙa gwaji da shi, kamar auna zafin rumbun albasa ko kunna injin ban-ruwa. Na rasa wadda zan zaɓa tsakanin ATmega328P da ESP32 da RP2040, kuma ban san ko bolt 5 zan bi ko 3.3 ba. Ina neman shawara kafin in kashe ɗan kuɗin da na tara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya yi wa karatu albarka. Idan na fahimce ka, kana son allo ƙarami mai sauƙin kuɗi, wanda masu koyo za su taɓa da hannunsu, wanda kuma wata rana zai bar kan tebur ya je ya zauna a rumbu ko a fadama yana aiki. Ka fara tambayarka da sunan IC, wato ɗan guntun lantarkin da yake zama ƙwaƙwalwar allo, kuma haka kusan kowa yake farawa, amma a cikin allunan ɗalibai da suka biyo ta hannuna ba kasafai nake ganin wanda ya mutu saboda IC ɗinsa ba ta da ƙarfi ba. Abin da yake kashe su shi ne hanyar da wuta take shiga, da zafin garin nan, da kuma kayan da aka zaɓa alhali babu mai iya liƙa su da dalma. Don haka zan amsa maka batun IC ɗin, amma inda zan fi daɗewa shi ne batun wuta.

Zaɓin IC

ATmega328P ita ce wadda take kan Uno ɗin da ka saba da shi. Kamfanin Atmel ne ya ƙera ta, kafin Microchip ya saye shi a 2016. Tana da kilobait 32 na wurin ajiye manhaja da kilobait 2 kacal na RAM, wurin da take riƙe bayanai lokacin da take aiki, wato ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta ta da sauran biyun. RP2040, wadda kamfanin Raspberry Pi ya fitar a 2021, tana da ƙwaƙwalwa biyu masu gudun megahaz 133 da RAM kilobait 264. ESP32 kuwa, ta kamfanin Espressif na ƙasar Sin, ta fito a 2016, kuma ta zo da WiFi da Bluetooth a cikinta.

Duk da haka, shawarata ga allonka na farko ita ce ATmega328P, kuma irin mai ƙafafu 28 masu shiga huji, a zaunar da ita a kan soket. Dalilin a bayyane yake. Ƙannenka za su ƙona ƙafar IC, wannan babu makawa, domin da haka ake koyo. Idan tana kan soket, sai a sa bakin sukundireba a ɗago ta a hankali, a danna sabuwa, aiki ya ci gaba a ranar. RP2040 ba ta zuwa da ƙafafu masu leƙowa waje, tazarar da ke tsakanin ƙafafunta 56 milimita 0.4 ce, kuma ba ta da wurin ajiye manhaja a cikinta, sai an ƙara mata wata IC a gefe. Masu gyaran waya na garin nan suna liƙa irinta kullum. Na sha tsayawa a kan teburinsu ina kallo: a shafa fulos, man da yake sa dalma ta kama, a ɗora IC da ɗan hantsaki, a kawo bulowa mai hura iska mai zafi a riƙa zagayawa, sai ka ga dalma ta narke ta ja IC ɗin ta zauna daidai da kanta. Ƙwarewa ce ta gaske, kuma ya kamata ɗaliban lantarki su riƙa zuwa suna koyo a wurinsu. Sai dai allon da dole sai an kai shi shagon gyaran waya duk lokacin da wani yaro ya haɗa waya ba daidai ba, bai dace da ajin koyo ba.

Aikin da ka ambata ma bai wuce ƙarfin ATmega328P ba. Karanta zafi sau ɗaya a minti, a nuna shi a ƙaramin gilashi, a kunna rile, wato makunnin da wutar allo take buɗewa da rufewa, idan ya wuce iyaka, ba ya cin ko rabin abin da take iyawa. Inda lissafin yake sauyawa shi ne idan kana son bayanin ya iso wayarka. A nan ESP32 ce amsa, amma ka sayi wadda aka riga aka haɗa da eriyarta da murfin ƙarfenta, irin ESP32-WROOM-32, wadda ake liƙawa ta gefe-gefe da ayan na hannu, wato ƙarfen narka dalma. Ka bar ɓangaren eriyar ya leƙo bakin allo, kada ka shimfiɗa jan ƙarfe a ƙarƙashinsa. Ka kuma tuna cewa babu WiFi a fadamar Goronyo ko Wurno, saboda haka a gona saƙon tes ya fi amfani, kuma ATmega328P da ƙaramin allon SIM800L mai ɗaukar layin waya sun isa su tura shi.

Bolt 5 ko 3.3

Wannan ya danganta da kayan da za ku riƙa jonawa. Yawancin kayan koyo da ake samu a hannun 'yan kasuwarmu na bolt 5 ne: gilashin rubutu mai layi biyu, allon rile, da sensar auna nisa ta HC-SR04. ATmega328P tana aiki daga bolt 1.8 zuwa 5.5, amma gudunta yana bin ƙarfin wutar. A bolt 3.3 kamfanin bai lamunce mata megahaz 16 ba, shi ya sa allunan 3.3 masu wannan IC suke tsayawa a megahaz 8. ESP32 da RP2040 kuwa 'yan 3.3 ne, kuma ba a yi ƙafafunsu don karɓar bolt 5 ba. Idan ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, sai ka riƙa rage wutar da ke fitowa daga sensa da rezista biyu, misali kilo-om 10 a sama da 20 a ƙasa, kuma wannan ƙarin wahala ne ga mai koyo. Ni dai zan yi allon a bolt 5, sannan in sa ƙaramar regileta, wato mai ragewa da daidaita bolt, ta 3.3 a gefe da ƙafafunta biyu ko uku, saboda katin memori da sababbin sensa.

Wuta da zafin Sakkwato

Allunan da muke kwaikwaya an zana su ne a wuraren da ɗaki yake kan digiri 25, wuta kuma take fitowa daga bango ba yankewa. Mu a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe ko ƙarƙashin rufin kwano kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Sannan tushen wutarmu a gona batirin sola ne mai bolt 12, wanda idan yana caji da tsakar rana yake hawa har kusan 14.4.

Ga yadda lissafin yake. Regileta irin AMS1117, wadda take kan yawancin allunan kwaikwayo masu arha, tana rage wuta ne ta hanyar mayar da rarar zafi. Zafin da take fitarwa shi ne bambancin bolt ɗin shiga da na fita, a ninka da abin da allon yake ja. A ce batir yana kan 14.4, kana son 5, allon da gilashinsa da rilensa suna jan miliamfiya 200. Bambancin 9.4 ne, a ninka da 0.2, ya ba da wat 1.88. Takardar bayanin wannan regileta ta nuna cewa kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinta da digiri 46 zuwa 90, gwargwadon faɗin jan ƙarfen da aka liƙa ta a kai. Ko da an ɗauki mafi kyawu, wato 46, ƙarin ya kai digiri 86; a ɗora shi a kan 43 na iskar waje, an wuce 125 da aka iyakance mata. Ƙari a kan haka, iyakar abin da take karɓa bolt 15 ne, ka ga tsakaninta da batir mai caji saura ƙiris.

Yadda wannan yake bayyana a zahiri yana rikita masu koyo. Allo zai yi aiki lafiya lau da safe, zuwa azahar ya fara mutuwa yana tashi, da la'asar sakaliya ya dawo daidai. Sai ɗalibi ya zauna yana bin layukan manhaja ɗaya bayan ɗaya yana neman kuskure, alhali da ya ɗora yatsa a kan regileta da ya janye shi da sauri. Tana da kariyar da take yanke wuta idan ta yi zafi, ta huce ta dawo, shi ne mutuwa da tashin da ake gani.

Maganin shi ne a sa regileta mai tsinka wuta da sauri tana tarawa a cikin koyil, wadda ake kira bak. Ƙananan allunan MP1584 suna karɓar har bolt 28, na LM2596 har 40, kuma a irin aikin da muka lissafa asararsu ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wat ba. Kada ka zana wannan sashe da kanka a allon farko, domin tsarin layukansa yana da ƙa'idoji masu tsauri. Ka bar huji huɗu a allonka daidai girman ƙaramin allon da ka saya, ka ɗora shi a kai. Ka saita fitarsa zuwa bolt 5 da mita kafin ka liƙa shi, sannan ka ɗiga ɗan gam a kan abin murɗawar don kada girgiza ta motsa shi. Daga wannan 5 ɗin ne za ka ciro 3.3 da ƙaramar regileta, inda bambancin bolt 1.7 ne kawai, zafin kuma kaɗan.

A bakin shigar wuta ka sa abu biyu. Na farko dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kamar 1N5819 ko SS14, saboda ranar da wani zai juya jar waya da baƙa. Na biyu fiyus mai farfaɗowa da kansa. Uno yana da na miliamfiya 500 a kan layin USB don ya kare kwamfuta. Ka kuma yi amfani da mahaɗa mai sukuru a wurin shigar batir, domin wayar da aka cusa kawai ba ta jure jijjigar babur a hanyar ƙauye.

Sai kondensa. Kowace ƙafar wuta ta IC tana buƙatar ƙaramar kondensa mai nanofarad 100 a gindinta, kusa iya kusa. IC tana jan wuta ne a fizge-fizge cikin ƙasa da ƙiftawar ido, regileta kuma tana nesa. Kondensar kamar randa ce a bakin ɗaki, wadda ake ɗiba nan take kafin a ɗebo daga rijiya a mayar. Idan ka bi ta ESP32, ka san cewa tana fizgar sama da miliamfiya 200 lokacin da take tura saƙo, kuma Espressif yana ba da shawarar tushen wuta mai iya ba da 500. SIM800L ta fi tsanani: tana son bolt 3.4 zuwa 4.4, tana kuma fizgar kusan amfiya 2 na ɗan lokaci, don haka ba a shayar da ita daga regiletar allo, sai an yi mata tata hanyar da babbar kondensa. Manyan kondensa masu ruwa a ciki ka zaɓi masu rubutun digiri 105, ka bar masu 85, domin ƙa'idar da aka sani ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwarsu.

Idan kuma ƙaramin batirin lithium mai caji irin 18650 kake tunani, akwai abu biyu. AMS1117 tana buƙatar rarar sama da bolt ɗaya kafin ta yi aiki, batirin kuwa daga 4.2 yake sauka zuwa 3.0, ka ga ba za ta riƙe maka 3.3 ba, ga shi ita kanta tana shan kusan miliamfiya 5 ko da allon yana barci. MCP1700 ko AP2112K sun fi dacewa. Na biyu, ba a so a yi cajin irin wannan batir a zafin da ya wuce digiri 45. Allunan caji na TP4056 suna zuwa a saite kan amfiya 1 da rezista mai kilo-om 1.2, a sauya ta da mai 2.4, caji ya koma rabi, zafi ya ragu. Kada a bar batirin a akwatin da rana take duka kai tsaye.

USB da hanyar zuba manhaja

ATmega328P ba ta jin USB da kanta, sai an sa mata tafinta. CH340 ita ce mai arha da sauƙin samu, kuma ka nemi CH340C, domin ba ta buƙatar kiristal nata, wato ɗan abin da yake ba IC agogon aiki, saɓanin CH340G. Ka haɗa ƙafarta ta DTR da ƙafar risat ta hanyar kondensa mai nanofarad 100, da rezista kilo-om 10 daga risat zuwa bolt 5. Wannan ne yake sa allo ya sake tashi da kansa idan an fara zuba manhaja. Ka sa kiristal mai megahaz 16 da kondensa biyu masu fikofarad 22 dab da IC. Akwai agogon ciki na megahaz 8, amma saitinsa na masana'anta yana iya kaucewa har kashi 10 cikin ɗari, kuma zafi yana ƙara motsa shi, wanda hakan yake ɓata sadarwa da kwamfuta. Kada ka manta da ƙafafu shida na ICSP, domin sabuwar IC daga kanti sau da yawa babu komai a cikinta, ta nan ne za ka fara zuba mata manhajar tashi, wadda take ba ta damar karɓar sauran manhaja ta USB, kuma Uno ɗinka ma zai iya yin wannan aiki.

A batun baki, USB-C ya fi, tunda cajarsa ta cika gari. Sharaɗinsa shi ne ƙafafun CC1 da CC2 kowace ta samu rezista tata mai kilo-om 5.1 zuwa layin ƙasa, wato na baƙar waya. Idan babu su, caja mai USB-C baki biyu ba za ta saki wuta ba. Idan kuma aka haɗa su a kan rezista ɗaya don tsimi, wasu igiyoyi ba za su yi aiki ba. Fitowar farko ta ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 a 2019 ta zo da wannan matsala, sai daga baya aka gyara. Ka zaɓi baki mai ƙafafu 16 wanda jikinsa yake da ƙafafun ƙarfe masu ratsa allo, domin mai shida wuta kaɗai yake ɗauka, wanda aka manna a sama kawai kuma yana ɓallewa bayan 'yan makonni a hannun yara.

Lokacin hunturu iskarmu takan bushe ƙwarai, har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tsartuwa. Wannan tsartuwar tana iya lalata ƙafar IC. Ƙaramar kariya irin USBLC6-2 a kan layukan USB ba ta da tsada. Bushewar iskar tana shafar zaɓin sensa ma: DHT11 daga digiri 0 zuwa 50 take aunawa, laima kuma daga kashi 20, duka biyun kuwa muna taɓa iyakarsu a nan. Ga rumbun albasa DHT22 ko DS18B20 sun fi, kuma yana da kyau ka bar wa DS18B20 gurbin rezistarta mai kilo-om 4.7 a kan allon.

Siffar allon

Ka jera ƙafafu a tazarar milimita 2.54 ba tare da kaucewa ba. Uno yana da wata tazara ta daban tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8, wadda take hana shi zama a kan allon huji na gama-gari, kuma babu dalilin da zai sa ka gaji wannan sai idan kana son ɗora allunan da aka yi domin Uno. Idan allonka zai hau allon gwaji mai ramuka, ka kula da faɗinsa. Arduino Nano yana da milimita 15.24 tsakanin layukan ƙafafunsa, Pico, allon RP2040, yana da 17.78, duka suna barin ramuka a gefe. Wasu allunan ESP32 masu faɗi kuwa suna rufe ramukan kusan duka, a rasa inda za a soka waya.

Ka yawaita ƙafafun ƙasa da na bolt 5, ka rubuta sunan kowace ƙafa da manyan baƙaƙe a fuska da baya, ka bar huji huɗu masu milimita 3.2 a kusurwoyi saboda noti. Kowace ƙafar ATmega328P miliamfiya 40 ce iyakarta ta ƙarshe, 20 ake so a tsaya, don haka ba a jona rile ko mota kai tsaye. Ka sa transista ɗaya ko biyu a kan allon, da dayod 1N4007 a juye a kan koyil ɗin rile. Ƙananan kayan da ake mannawa a sama kada ka sauka ƙasa da girman 0805, shi ake iya riƙewa da hantsaki a liƙa da ayan na yau da kullum.

A nan akwai iyakar da shawarata ta tsaya. Duk abin da na faɗa na ƙaramar wuta ne, daga batir zuwa ƙasa. Wutar gida ko ta janareta mai bolt 230 ba ta da gurbi a kan allon da yara za su riƙe. Idan injin ban-ruwan na babbar wuta ne, allonka ya kunna rile kawai, rile ya kunna kontakta, wato babban rile na babbar wuta, a wani akwati dabam, kuma ƙwararren mai wayarin ne zai haɗa wancan ɓangaren.

Kafin ka biya kuɗin bugawa

Ka fara haɗa da'irar gaba ɗaya a kan allon huji, ka bar ta ta yi kwanaki tana aiki a inda za ta zauna, da batirin da za ta yi amfani da shi, a tsakiyar rana. Sannan ka zana ta a manhajar zanen allo ta KiCad, wadda kyauta ce. Fuska biyu sun isa, ka mayar da ta ƙasa shimfiɗar jan ƙarfe ta layin ƙasa gaba ɗaya, layukan wuta kuma ka faɗaɗa su zuwa milimita ɗaya. Kamfanoni irin JLCPCB da PCBWay na ƙasar Sin suna buga guda biyar a matsayin mafi ƙaranci, kuma allon da bai wuce milimita 100 a kowane gefe ba yana cikin rukunin mai arha. Kuɗin jigila ne yakan fi nauyi, shi ya sa ya fi kyau ku haɗu ku da yawa ku yi oda ɗaya. Ka sayi kayan tukuna daga Kano ko Legas, su iso hannunka, ka buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora kowane abu a gurbinsa ka ga ƙafafunsa sun hau, musamman bakin USB da mahaɗar sukuru, domin suna zuwa iri-iri da suna ɗaya.

Idan allunan suka iso, kada ka liƙa komai lokaci ɗaya. Ka fara da sashen wuta kaɗai, ka jona batir, ka auna 5 da 3.3 da mita, ka juya wayoyin da gangan ka tabbatar dayod ya tare. Bayan haka ka liƙa CH340C da bakin USB, ka ga kwamfuta ta gane shi. Sai soket da kiristal, ka auna bolt 5 a ƙafa ta 7 da ta 20 na soket ɗin, da ƙasa a ta 8 da ta 22, tun babu IC a kai. Idan duka sun yi daidai, ka danna ATmega328P, ka zuba manhajar tashi ta ICSP, ka gwada ƙyafta ƙwan LED. In ka kai nan wani abu ya ƙi, ka turo mini hoton zanen da abin da mita ta nuna a kowane mataki, in sha Allahu za mu duba tare.